Jan Alƙalami a Kan Farashi: Amsa ga Ɗan Wana Game da Kantin KB

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali da mahaifiyarka, ga amsar da na yi maka alkawari ranar da ka raka mu filin jirgi. Ka tambaye ni abin da ya sa 'yan'uwanka biyu, da girmansu da aikinsu, suka yi jugum da suka ga tsohuwar motar wasan nan da mahaifiyarka ta adana a saman sif, har ƙanwarka ta riƙa shafa 'yar takardar farashin KB Toys, kantin kayan wasan yara na Amurka da ya rufe, da ke jikin kwalin idanunta sun ciko. Ka ce a Kantin Kwari da Sabon Gari kullum wani shago na rufewa wani na buɗewa, ba ka taɓa ganin wanda ya yi kewar kanti kamar ya rasa ɗan'uwa ba. Tambayarka tana kan hanya, sai dai amsarta ba ta cikin motar, tana cikin yadda muka yi renon yara a unguwar Bronx ta birnin New York.

Ka fara da tuna Sallar da ka tashi kana gani. Yaro a Kano gari ne gaba ɗaya yake yi masa Sallah. Tun goma ga azumi an fara tashe, tela ya cika da ɗinki, 'yan mata suna layin kitso da lalle, ranar idi kuma a ga hawa, washegari a ga Hawan Daushe, a yi ta yawon Sallah gida gida ana karɓar goron Sallah har aljihu ya yi nauyi. Abin wasa kuwa hannunku ne yake ƙera shi, motar kara ce ko ta gwangwani da waya, ko garen taya, 'yan mata kuma su ɗaura wa 'yar tsana ƙyalle su goya ta. Mahaifinka bai taɓa zama yana tunanin yadda zai sa ka san cewa yau Sallah ce ba, domin ko ya yi shiru ganguna da algaita za su gaya maka.

Mu kuwa da muka sauka nan a tsakiyar shekarun 1990, Hausawan Nijeriya da na Maradi da Damagaram da 'yan zangon Kumasi da Accra, ɗaki biyu da falo muka samu a hawa na biyar, babu tsakar gida, babu ƙofar gida, kuma wata huɗu ko biyar na shekara sanyi ba ya barin yaro ya leƙa waje. Ko da zafi ma ba a sakin ƙaramin yaro a titi shi kaɗai, domin hukuma tana iya ɗaukar hakan a matsayin sakaci ta zo ta tuhumi iyaye. Ranar Sallah ranar aiki ce kamar kowace rana. Mutum zai yi idi da sassafe ya cire babbar riga ya koma bakin tasi ko shago, makarantun gwamnati kuma a buɗe suke, don sai a 2015 magajin gari Bill de Blasio ya sa ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantun birnin. A gefe guda ga Kirsimeti, wadda tun ƙarshen Nuwamba take cika tituna da fitilu, ta cika talabijin da tallan kayan wasa. In an koma makaranta a Janairu kowane yaro yana ba da labarin abin da aka ba shi, kuma an riga an gaya musu cewa yaran kirki ne ake kawo wa kyauta. Ƙanwarka tana da shekara shida ta dawo gida wata rana ta tambaye ni ko ita ba yarinyar kirki ba ce. A daren nan ni da mahaifiyarta ba mu yi barcin kirki ba.

Allah cikin ikonsa sai ya sa a waɗannan shekarun Sallah take faɗowa daf da Kirsimeti. A shekarar 2000 sau biyu muka yi Ƙaramar Sallah, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, a 2001 ta zo tsakiyar Disamba, daga baya Babbar Sallah ta karɓe ta, ita ma ta zo sau biyu a 2006, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Wannan ya tsananta mana kwatancen da yara suke yi, amma kuma ya buɗe mana ƙofa, domin da zarar an wuce 25 ga Disamba duk kayan wasan da suka yi kwantai sai an karya farashinsu. A nan ne kantin KB Toys ya shigo rayuwarmu.

Kada ka ɗauka wani katafaren wuri ne. Akwai Toys "R" Us, wani kantin kayan wasa wanda girmansa ya kai wata ƙaramar kasuwa, amma mai samun dala 5.15 a awa, wadda ita ce mafi ƙarancin lada a lokacin, in ya shiga can da yara uku sai ya fito da ɓacin rai. KB shago ne matsakaici a cikin manyan kasuwannin nan masu rufi irin Ado Bayero Mall da kuke da shi yanzu. Hanyoyin cikinsa matsattsu ne, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, kaya kuma an jibge su har kusa da silin. A bakin ƙofa akwai tebur da ake kunna kayan batir a kai, ɗan kare yana haushi yana tsalle yana juyawa da baya, wata ƙwallo tana birgima da jelar dabba manne a jikinta, saboda haka tun daga nesa yara suke jin ƙarar su fara jan hannun uwarsu. Daga ciki kuma akwai manyan kwanduna cike da mutum-mutumin roba da ƙananan motoci, sai mutum ya zura hannu har gwiwar hannu yana tono, kamar mai zaɓen gwanjo a Kofar Wambai. Ina jin wannan cunkoson ma yana cikin abin da ya sa muka saki jiki da wurin, domin ya fi kama da kasuwar da muka sani.

Sai kuma takardar farashin da ka ga ƙanwarka tana shafawa. In ka duba da kyau za ka ga an soke farashin farko da jan layi, an sa wani na ƙasa da shi da ja kamar rubutun hannu. Bahaushe ya saba da taya kaya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama masa, har ya nemi gyara. A Amurka babu wannan, abin da aka rubuta shi za ka biya, kuma mutanenmu da yawa sun daɗe suna jin kamar an ɗaure musu baki in sun shiga kanti. Jan layin nan ya zame mana kamar mai kaya ya yi mana ragi tun kafin mu buɗe baki. Gaskiya ta sa in gaya maka cewa an taɓa kai kamfanin ƙara a kan wannan salon, aka ce farashin da ake sokewa ba lallai ne an taɓa sayar da kayan a kansa ba, kuma a 2003 aka yi sulhu da yi wa masu saye rangwamen kashi 30 cikin 100 na tsawon mako guda. Duk da haka, iyayen da suke ƙirga kowace dala sun san inda kuɗinsu ya fi auki, kuma da dala 20 na sha fitowa da leda cike.

Mata ne suka mai da abin tsari. In ɗaya ta ga an karya farashi, kafin magariba labari ya zaga ta waya, washegari su haɗu su huɗu ko biyar su hau bas da kekunan jarirai. Wasu sukan daidaita kwasar adashinsu da wannan lokacin. A masallacinmu kuma aka fara karo-karo a goman ƙarshe na azumi, a sayo kaya da yawa, a naɗe su cikin takarda mai ƙyalli, bayan an sauko idi a tara yara a raba musu, har da 'ya'yan waɗanda ba su da halin ba da ko sisi, ba tare da wani yaro ya san wanda ya biya ba. Ba kowa ne ya yarda da farko ba. Akwai dattawan da suka ce wannan kwaikwayon Kirsimeti ne, wasu kuma suka yi magana a kan siffofi masu fuska. Malamanmu suka tunatar da cewa faranta wa yara ranar idi abu ne da addini yake so, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ni ina cikin waɗanda suka goyi bayan rabon, kuma har yau ina ganin mun yi daidai, domin yaron da ya tashi yana ganin bikin wasu ya fi nasa daɗi, da wuya ya riƙe nasa in ya girma. Iyaye mata suka ƙara da nasu, suna karɓo ragowar atamfa da leshi daga wurin tela su ɗinka wa 'yan tsana zane da riga da ɗankwali, don kayan da suke zuwa da su ba irin shigar da muke so 'ya'yanmu su saba da ita ba ce.

Abu ɗaya ne kusan dukkanmu muka hana, wato bindigar wasa, wadda na san yaran Kano suna rububinta da kuɗin goron Sallah. A ranar 4 ga Fabrairu 1999 'yan sanda suka harba harsashi 41 a kan Amadou Diallo, wani matashi Musulmi ɗan ƙasar Gini, a ƙofar gidan da yake zaune a nan Bronx, alhali walat ce kawai a hannunsa. Tun daga ranar babu uban da na sani a cikinmu da zai bar ɗansa baƙar fata ya riƙe wani abu mai kama da bindiga, ko da ta ruwa ce mai launin kore. Ɗan'uwanka ya sha yin kuka a kan wannan a cikin kantin, ni kuma in ja shi zuwa wajen motoci.

Motar da ke gidanku daga irin wannan sayayyar ta fito. Duk mai shirin zuwa gida yakan fara tara tsaraba tun wata shida kafin tafiya, a cika durom da kaya a aika ta jirgin ruwa, kuma kayan wasan KB ne suke cike gurbin da ya rage tsakanin takalma da sabulai. Na sayi guda biyu iri ɗaya a rana ɗaya, ɗaya taka ɗaya ta ɗan'uwanka. Tasa ta lalace tun tuni, aka zubar da ita a wani ƙaura da muka yi, shi ya sa da ya ga taka a cikin kwalinta ya rasa abin cewa.

Game da yadda kantin ya mutu, asalinsa wasu 'yan'uwa ne masu suna Kaufman suka kafa shi a 1922 a garin Pittsfield na jihar Massachusetts, kuma harufan KB daga sunansu aka ɗauko. Da sarin alewa suka fara, sai a shekarun 1940 suka koma kayan wasa, a hankali har rassansu suka kai kimanin 1,300 a ƙarshen shekarun 1990. Daga nan aka yi ta sayar da kamfanin daga hannu zuwa hannu, har kamfanin zuba jari na Bain Capital ya saye shi a 2000, kuma a 2002 aka fitar da fiye da dala miliyan 120 aka raba wa masu shi da manyan shugabanninsa, aka bar shi da nauyin bashi. A lokaci guda Walmart, wanda yake sayar da komai daga abinci har taya, yana iya sayar da kayan wasa a kan faɗuwa don ya jawo mutane, kuma haka ya yi a Kirsimetin 2003. KB ba shi da wani abin da zai mayar da asara da shi, ga kuɗin hayar shago a cikin kasuwannin nan da tsada. A Janairun 2004 ya je kotu ya ce ya karye, aka rufe ɗaruruwan rassa, ya ɗan farfaɗo, sai rikicin tattalin arziki na 2008 ya ƙarasa shi. Mun yi layya ranar 8 ga Disamba na shekarar, bayan kwana uku KB ya sake komawa kotu, zuwa Fabrairun 2009 an rufe rassa 461 da suka rage. Toys "R" Us ya sayi sunan, shi ma a 2018 ya rufe kantunansa na Amurka.

Na je sau ɗaya a makonnin ƙarshe tare da ƙanwarka, lokacin ta zama budurwa, ta wuce wasa da 'yar tsana. Teburin bakin ƙofa babu kowa a kansa, rabin kantocin wayam, har su kansu kantocin an liƙa musu farashi. Wata ma'aikaciya da ta daɗe a wurin, wadda ta san mu har takan ce mana barka da Sallah da irin lafazinta, tana tsaye tana tattara ragowar kaya cikin kwali, ita ma aikinta ya ƙare ke nan. Ƙanwarka ta zaɓi ɗan karen nan mai tsalle ta biya da kuɗinta, kuma yana nan a ɗakinta har yanzu.

Jikokina yau ana ba su hutu ranar Sallah, iyayensu kuma a waya suke zaɓar kyauta a kawo ta ƙofar gida cikin kwali, kuma rabon kaya bayan idi yana nan a masallacinmu, waɗanda aka raba wa jiya su ne suke tara kuɗin yau. Abin da babu shi ne fitar nan ta rukuni cikin sanyi, da tonon kwando, da yaro ya riƙe dala biyar ɗinsa yana lissafin abin da za ta isa. Ina roƙonka ka gaya wa mahaifiyarka ta cire batiran da ke cikin motar in har suna nan, don kada su zubar da ruwa su ci ƙarfen, kuma kada kowa ya ɓare takardar farashin. Ɗan'uwanka ya ce in Allah ya kai mu baɗi zai zo da ɗansa, yana so ya nuna masa ita a cikin kwalinta.