Na saki manhajata, amma ba na samun komai sai “Masha Allah”

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin ofis da rana, da dare da ƙarshen mako kuma ina gina wata manhajar Android da Flutter (kayan gina manhajar waya) da Firebase (sabis ɗin Google mai ajiye bayanai da rajistar masu amfani), don masu shago su riƙa rubuta bashin da suke bin mutane maimakon littafi. Na tura fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhajar, a wani zauren WhatsApp na masu shirya manhaja. Abin da na samu shi ne “Masha Allah” da “Allah ya ƙara basira”, sai mutum ɗaya da ya ce in rushe in sake ginawa da React Native, wani kayan gina manhaja daban. Fayil ɗin ya kusa megabait 80, kuma sai an yi rajista da lambar waya kafin a shiga. Ina so in ɗora kod ɗin a GitHub, shafin da ake ajiye kod, amma ina tsoron a sace. Yaya zan sami gyara na gaske? Kuma in wani ya turo nasa aikin, me ya kamata in ce masa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka amsa addu'o'in nan da amin, amma ka sa a ranka cewa mafi yawan waɗanda suka yi su ba su buɗe manhajar ba. Duba abin da ka ɗora musu: su ƙona megabait 80 na datarsu, su shiga saitin waya su ba da izinin girka fayil daga wajen Play Store, su tsallake gargaɗin Play Protect, su ba ka lambar wayarsu, su jira saƙon tabbatarwa, sannan su tarar da manhaja fayau babu ko suna ɗaya a ciki. Wanda ya ga saƙonka yana cikin a-daidaita-sahu zai yi maka addu'a ya wuce abinsa. Aikinka na farko shi ne rage wannan wahala.

Fara da girman fayil. Manhajar rubuta bashi ba ta da dalilin kai wannan nauyi. Ko dai fayil ɗin gwaji ka tura, wato app-debug.apk, ko ka cusa manyan hotuna a ciki. Ka gina da `flutter build apk --release --split-per-abi`. Zai ba ka fayil uku, kowanne ya fi wancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mai suna arm64-v8a shi ne na yawancin wayoyin yanzu, armeabi-v7a kuma na tsofaffi da ƙananan wayoyi irin masu Android Go. A nan akwai wani tarko: idan ka sa wa fayil ɗin hannu da sabon makulli, wato abin da ke shaida cewa kai ka gina shi, dole ka shigar da lambobin shaidar makullin na SHA-1 da SHA-256 a shafin Firebase. In ka manta, shiga da lambar waya zai yi aiki lafiya lau a wurinka, ya ƙi a wayoyin mutane, kuma ba kowa ne zai dawo ya gaya maka ba.

Sannan ka sa maɓalli a shafin farko mai cewa “Gwada ba tare da rajista ba”. Firebase na da hanyar shigar da baƙo ba tare da suna ko lamba ba. Wanda ya danna ya tarar da shagon gwaji cike: mutum goma sha biyar masu sunayen ƙirƙira, wani ya biya duka, wani ya biya rabi, wani wata uku ba a gan shi ba. Ka haɗa da bidiyon fuskar waya wanda bai kai minti ɗaya ba, yana nuna an rubuta bashi an kuma rage shi. Mutane da yawa bidiyon kaɗai za su kalla, kuma ko daga nan za a iya gano maka abu biyu ko uku.

In kana da niyyar zuwa Play Store, asusun mai manhaja dala 25 ne sau ɗaya. Sabon asusun mutum ɗaya, wanda ba na kamfani ba, sai ya yi gwajin rufe da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin Google ya bar shi ya saki manhajar ga kowa. Dokar ta fara ne a Nuwamban 2023 da mutum 20, daga baya aka rage. Wannan zaure naku wurin samun mutanen ne, musamman in aka yi ba-ni-in-ba-ka.

Batun GitHub kuwa, ɓarawon da ya kamata ka ji tsoro ba na tunani ba ne, na makullai ne. Akwai na'urori da ba su da aiki sai bin sababbin ma'ajiyoyin kod suna neman kalmomin sirri da makullan biyan kuɗi. Kafin ka buɗe ma'ajiyar ga jama'a, ka tabbata .env da key.properties da fayil ɗin makullin sa hannu duk suna cikin .gitignore, jerin fayilolin da ba za a ɗora ba. In ka taɓa ɗora ɗaya daga cikinsu ko sau ɗaya ne, goge shi yanzu ba ya wadatarwa, domin Git, manhajar da GitHub ke aiki da ita, yana riƙe da tarihin kowane canji, kowa na iya komawa baya ya ɗauko. Magani shi ne ka soke makullin a wurin da ya ba ka shi, ka fitar da sabo. Idan nan gaba ka haɗa Paystack don karɓar kuɗi, makullin da ya fara da sk_ bai da wurin zama a cikin manhajar waya sam, don ana iya warware APK da kayan aiki irin su jadx a karanta abin da ke ciki. A kan server, wato kwamfutar da manhajar ke tuntuɓa ta intanet, ake ajiye shi.

Makullin da ke cikin google-services.json shi kam ba sirri ba ne, kowace waya da ta girka manhajar tana ɗauke da shi. Abin da ke tsare bayananka shi ne dokokin tsaro na Firestore, rumbun bayanai na Firebase. Wanda ya buɗe rumbun a yanayin gwaji, kowa na iya karantawa da rubutawa har kwana 30, bayan nan sai ƙofar ta rufe ga kowa har da kai, manhaja ta daina aiki rana tsaka kana ta neman kuskure a inda babu shi. Ka rubuta doka da za ta ba kowane mai shago bayanansa kaɗai, ka gwada ta da asusu biyu: shiga da na biyu ka nemi bashin na farko. Bayanin wa ake bi da nawa ake binsa abu ne da ke zubar da mutunci in ya fita, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi duk mai tattara sunaye da lambobin mutane, ko da shi kaɗai yake aikin a ɗakinsa.

Game da sata: kod ɗin da ba a sa masa lasisi ba, haƙƙinsa na nan a hannunka, babu wanda doka ta ba damar ɗauka ya yi kasuwanci da shi. Lasisin MIT yana barin kowa ya yi amfani da shi har ya sayar, muddin ya bar sanarwar haƙƙin mallaka. GPL yana tilasta wa wanda ya gyara ya rarraba ya buɗe nasa kod ɗin shi ma. In hankalinka bai kwanta ba, ka bar ma'ajiyar a rufe ka gayyaci mutum biyu ko uku da ka yarda da iliminsu, kyauta ne. A ganina dai manhajar bashi ba sabon tunani ba ce da za a yi wawasonsa. Wahalar tana wurin sa mai shago ya ajiye littafinsa, wannan kuwa ba a kwafe shi daga GitHub.

Ko buɗe ko rufe, ka rubuta README, wato fayil ɗin bayanin aikin: abin da manhajar ke yi a jimla biyu, hotuna uku, sigar Flutter da ka yi amfani da ita, umarnin da za a bi a tayar da ita, da abin da ka san bai gama ba. Ka sauko da ma'ajiyar a sabon wuri ka bi umarnin da kanka kamar baƙo. Galibi a nan ake gano fayil ɗin da yake kwamfutarka kaɗai.

Yanzu ga yadda ake tambaya. “Ku duba ku ba ni shawara” ba ta da hannun kamawa. Gwada irin wannan: “Na gina manhajar rubuta bashi don masu ƙananan shaguna. Ga bidiyo, ga fayil, ba sai an yi rajista ba. Abu ɗaya nake nema: ka rubuta wa wani bashin naira 3,500, ka karɓi 1,000 a ciki, ka gaya mini inda ka tsaya kana neman abin dannawa, da irin wayarka.” Wannan aikin minti biyu ne kuma amsarsa a bayyane take. Ga masu duba kod, ka nuna fayil ɗaya: “Ga dokokin Firestore ɗina, akwai hanyar da wani zai karanta na wani?” Kuma tura wa mutum shi kaɗai ya fi jefawa a zaure, inda kowa ke ganin wani zai amsa. Ko Linus Torvalds, da ya sanar da aikin da ya zama Linux a ranar 25 ga Agustan 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, masu amfani da Minix, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, ya nufa kai tsaye, ya tambaye su abin da suke so da wanda ba sa so a cikinta, ya kuma faɗa tun farko cewa bai yi alkawarin aiwatar da kowace shawara ba.

Sai dai 'yan'uwanka masu kod ba su ne masu shago ba. Za su kama maka ramin tsaro da rubutun da ya cakuɗe, amma ba su san yadda ake rubuta bashi da hannu ɗaya ana auna sukari da ɗayan ba. Ka ɗauki waya mai ƙwaƙwalwar gigabait 2, Itel ko tsohuwar Tecno, ka je wurin masu shago biyar. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar na tono kusan kashi 85 cikin 100 na irin waɗannan matsaloli. Ka miƙa wa mutum wayar, ka ce “Alhaji, rubuta mini cewa wane ya ɗauki taliya kwali ɗaya”, sannan ka kama bakinka. Kada ka nuna masa, kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, don kunya za ta sa ya ce ta yi. Gani ya kori ji: inda yatsansa ya tsaya yana yawo, nan gyaran yake.

Akwai kurakuran da kusan kullum suke fitowa a irin wannan manhaja, gara ka riga su. Lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu, don in aka ajiye ta a matsayin adadi sifirin farko na 080 zai ɓace, kuma 0803 da +234803 su zama mutum biyu alhali ɗaya ne. In mai shagon a Maraɗi yake, lambarsa takwas ce bayan +227, to kada ka kafe sai goma sha ɗaya. Kuɗi a ajiye su da kobo a cikakken adadi, saboda lissafin ɗigo a kwamfuta yana ba da 0.30000000000000004 in aka haɗa 0.1 da 0.2. Wurin neman suna, mai shago zai rubuta “Dankande” yana neman “Ɗankande”. Hanyar da aka saba bi a cire wa haruffa alamominsu ba ta aiki a kan ƙ da ɗ da ɓ, don a Unicode kowanne harafi ne mai zaman kansa, sai ka musanya su da hannunka kafin kwatantawa. Sannan idan intanet na ja, mutum zai danna “Ajiye” sau uku, bashi ya ninka uku. Ka kashe maɓallin bayan dannawar farko, ka ƙirƙiri lambar shaidar kowane bashi a wayar tun kafin a tura.

Shi kuwa mai cewa ka koma React Native, ka tambaye shi wace matsala ya gani da sauyin zai warware. In bai kawo ba, ka yi masa godiya ka ci gaba. Duk abin da aka gaya maka ka rubuta shi a sashen Issues na ma'ajiyar, inda ake jera matsaloli, ka fara da wanda ke ɓatar da bayanai ko kuɗi, sai wanda ya hana mutum biyu ko fiye gama aiki. Buƙatar sabon abu daga mutum ɗaya ta jira. Idan ka gyara, ka koma wurin wanda ya faɗa ka ce an gyara, ga sabuwar siga. Wanda ya ga maganarsa ta yi aiki shi ne zai sake gwada maka.

Idan kai aka turo wa aiki, ka buɗe shi tukuna, ka tambayi mai shi don wa ya gina. Rahotonka ya ƙunshi irin wayar da sigar Android, abin da ka danna bi da bi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru, tare da hoton fuskar waya. “Tana da matsala” ba ta amfanar kowa, amma “a Android 11, na sa suna ban sa lamba ba, na danna Ajiye, ta rufe kanta” gyaran minti goma ne. Ka bambanta kuskure da ra'ayi, ka faɗa a fili in launi ne kawai bai yi maka ba. Yabo ma ka yi shi da suna, kamar cewa shafin jimillar bashi yana buɗewa ko babu data, don ya san abin da ba zai taɓa ba. In kuwa makulli ka gani a fili ko hanyar karanta bayanan wasu, kada ka rubuta a zaure ko a Issues. Ka tura masa shi kaɗai, da sunan fayil ɗin da lambar layin, ka ce ya soke makullin kafin ya goge.