Hukuncin manhajar raba aiki da ba ta bar wa ma'aikata lokacin sallah ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da masu gyaran sola a wani kamfani a Kano. Manhajar kwamfuta ce ke jera musu gidajen da za su je, ta ba su hutun minti 30 da ƙarfe 12. La'asar takan kuɓuce wa wasu, ran Juma'a kuma aiki yakan faɗo daidai huɗuba. Ina da laifi, alhali na'ura ce ta tsara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na'ura ba a yi mata hisabi. Abin da ka zuba mata shi take bi, don haka nauyin yana wuyanka gwargwadon ikonka na gyarawa. Manzon Allah (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah farilla ce a kan muminai mai ƙayyadadden lokaci. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa lokacin sallar farilla da alwalarta ba ya cikin abin da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya saya da albashi. Ba alfarma kake musu ba, kuma bai halatta a zaftare musu kuɗi a kansa ba.

Hutun sha biyun nan ma rana ba ta gusa ba a Kano, balle a yi Azahar. Ka mayar da shi bayan zawali, ka buɗe wani gurbin na La'asar kafin rana ta yi fatsi-fatsi. Akwai sauƙi a nan: lokacin zaɓi, wato wanda aka yarda a yi sallah a ko'ina cikinsa, yana da faɗi, ba dole a bar waya a tsirara a kan rufi don an ji kiran sallah ba. Ma'aikaci ya ƙarasa, ya sauko, ya yi alwala. Abin da na ƙi shi ne a tura sallar mutum zuwa lokacin larura, wato ƙarshen lokaci da aka bar wa mai uzuri, kullum saboda jadawali. Kuma lokutan suna motsi tsakanin hunturu da bazara, sai ka riƙa sabunta su.

Juma'a ta fi tsanani. Aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta ce a bar ciniki idan an yi kira. Ka toshe wannan lokacin gaba ɗaya, har da tafiya masallaci da cunkoson fitowa. Wanda aka aika Zariya matafiyi ne, zai yi ƙasaru kuma Juma'a ba ta wajaba a kansa ba; na Wudil bai kai nisan ƙasaru ba.

Kada kuma sallah ta cinye lokacin cin abinci. Wanda ya yini a kan kwanon rufi cikin zafin Afrilu yana buƙatar inuwa da ruwa, kuma hadisin Abu Zarri ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa. Su ma ma'aikatan, haramun ne su fake da sallah su zauna hira, mai gida yana jiransu cikin duhu.

In sauya tsarin ba a hannunka yake ba, ka rubuta wa shugabanninka, ka kuma sanar da yaranka cewa su tsaya su yi sallah ko manhajar ta nuna sun makara. Wallahu a'alam.