Filin Likitan Haƙori: Daga Ciko Zuwa Dashe

Wasiƙun da suka iso mana wannan karon daga Damagaram da kewaye kusan duk a kan abu ɗaya suke: haƙorin da ya lalace ko ya fita, da abin da za a sa a gurbinsa. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Turmina na ƙasa ya yi kogo tun bara. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake tsira mini, yanzu kuwa da tsakar dare yake tashe ni, zogin har cikin kunne. Ina cusa kanumfari ya lafa, ya sake dawowa. Surukata ta ce in je a cire in huta. Haka ne? Daga wata uwargida, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki yi saurin rabuwa da shi. Duk abin da za mu sa miki a gurbinsa, komai tsadarsa, bai kai saiwar da Allah ya halitta miki ba.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya da bai kai shi ƙarfi ba. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki inda jijiya da hanyoyin jini suke, su gangara cikin saiwa. Ba tsutsa ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikinsa suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon. Shi ya sa mai kurɓar shayi mai zaƙi tun safe har dare ya fi wanda ya sha sau ɗaya ya kurkure baki shiga haɗari.

Bara, lokacin da sanyi kaɗai ke taɓa shi, ciko ya ishe ki: a kankare ruɓaɓɓen wurin, a cike, zama ɗaya. Akwai ciko mai launin azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ne. Yana daɗewa, amma tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don taƙaita zaiba, ƙasashe ke rage amfani da shi. Akwai farin ciko da ake busarwa da shuɗiyar fitila, mai kyan gani, sai dai in yawu ya taɓa wurin ana cikin aiki ba ya kamawa, shi ne za ki ji an ce ciko ya faɗi bayan wata biyu. Akwai kuma gilas ayonoma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ana iya sa shi da kayan hannu ko babu wuta.

Ciwon da ke tashin mutum daga barci alama ce ruɓar ta isa jijiya. Jijiyar ta kumbura cikin ɗakin da ba ya buɗewa, kuma ba ta komawa daidai. Saura hanya biyu: cirewa, ko wankin saiwa, wanda mutane ke kira kashe jijiya. Ga yadda ake yin sa. A fara ɗaukar hoto, abin da muke cewa radiyo, don a ga tsawon saiwoyi da lanƙwasarsu. A yi allurar kashe zafi, a killace haƙorin da ƴar shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga. A huda ta sama a nemo hanyoyin saiwa: haƙorin gaba yawanci ɗaya gare shi, turmi uku, wani lokaci huɗu. A goge cikin kowace da ƴan siraran ƙarafa, ana yi ana wankewa da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta. A busar, a toshe har ƙarshen saiwa da wani ƙaro mai suna gutafarka. Zama ɗaya ne zuwa uku.

Inda aikin ke ɓaci shi ne a bar hanya ɗaya ba a gano ta ba, ko toshin bai kai ƙarshe ba, sai ƙurji ya fito a dasashi bayan watanni. Amma abin da ya fi yawa daga wajen mai haƙorin yake: zafi ya tafi tun zaman farko, sai a daina zuwa. Cikon wucin gadin da ake sawa tsakanin zama da zama na ƴan makonni ne kawai. Kuma turmin da aka rarake cikinsa yana iya darewa a kan tsakuwar shinkafa ɗaya, don haka ake sa masa hula: a rage milimita 1 zuwa 2 kewaye da shi, a ɗauki awonsa, a ƙera ta ƙarfe ko ta tangaran, a manna.

Idan likita ya ga tsaga ta gangara cikin saiwa, ko ruɓa ta wuce ƙarƙashin dasashi sosai, to maganar surukarki ta tabbata. Kanumfari na dusar da zafi da gaske, har mu ma akwai mansa cikin kayan aikinmu, amma ba ya warkarwa. Ruwan batir, fetur, ko ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙuna kawai suke yi. In kuwa fuska ta kumbura har ƙarƙashin haɓa ko kusa da ido, ga zazzaɓi, ga wuyar haɗiya, a tafi asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.

Tambaya: Ɗan kabu-kabu ne ni a Zango. Na faɗi da babur, haƙorina na gaba ya fita ɗungurungum har saiwa, na jefar. Daga baya aka ce da an mayar. Gaskiya ne? Yanzu wata biyu ke nan.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma muna roƙonka ka faɗa wa abokan sana'arka. A ɗauki haƙorin ta farin kansa, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi ƴan daƙiƙu da madara ko ruwan serum na farmasi, ba tare da gogewa ba, a mayar cikin raminsa, a ciji hankici, a nufi likita. In an kasa mayarwa a tsoma shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ko cikin yawun mai shi a kofi. Dalili kuwa, akwai ƴan ƙwayoyin halitta masu rai a jikin saiwar, su ne ke sake ɗinke haƙori da ƙashi, kuma in ya yi awa ɗaya a bushe sun mutu. Likita zai ɗaure shi da na kusa da siririyar waya na mako 2, a yi wankin saiwa, a duba maganar allurar tetanos. Haƙorin nono na yaro kuwa ba a mayar da shi, don yana iya ɓata na dindindin da ke ƙarƙashi.

Kai yanzu giɓi ya riga ya samu. Mafi sauƙi shi ne haƙorin roba ɗaya mai cirewa. Sai gada, inda ake sassaƙe haƙoran dama da hagu a sa musu hula su riƙe na tsakiya. Tana da ƙarfi, amma a ganinmu asara ce a sassaƙe lafiyayyun haƙora biyu na matashi saboda ɗaya. Ka tambayi likita ko za a iya yi maka gada mai fiffike, wadda ake mannawa a bayan haƙorin da ke maƙwabtaka ba tare da an rage shi sosai ba.

Tambaya: Ni dattijo ne daga Mirriya. Turamena da yawa sun zube. Wani mai sa haƙori a kasuwa ya liƙa mini na roba guda huɗu, ba sa cirewa. Yanzu bakina na wari, dasashi na jini.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. A cire wannan abin da wuri, kuma likita ne zai yanke shi, kada a fizge. Masu wannan aiki suna kwaɓa garin roba da wani ruwa ne su danna cikin baki kai tsaye. Robar na zafi yayin da take daskarewa, ragowar ruwan na ƙona dasashi, sannan ta kwarara tsakanin haƙora ta kulle. Daga nan asuwaki ba ya isa ƙarƙashi, tuwo da fura su taru, ƙashin da ke riƙe da sauran haƙoranku ya riƙa zaizayewa. Ga kuma kayan da ake sa wa wannan a sa wa wancan ba a dafa ba, hanyar ciwon hanta ke nan.

Haƙoran roba na ƙwarai a wajen baki ake ƙera su. Bayan dasashi ya warke, a ɗauki awon muƙamuƙi sama da ƙasa, a auna yadda kuke cizo, a gwada muku su a kan kakin zuma ku duba a madubi, sannan a dafa robar. Zuwa huɗu ko biyar ne. Akwai na roba zalla, akwai mai ƙashin ƙarfe, wanda ya fi siranta, ya fi zama daram, ya fi tsada. Makon farko za ku ji baki ya cika, yawu ya yi yawa. Ku fara da abinci mai laushi, kuna tauna ta ɓangare biyu lokaci guda, goro kuma a goga shi. In wani wuri na gurza ku, ku koma a rage, kada ku sa wuƙa. Ku cire su kowane dare, ku wanke da burushi da sabulu a kan kwano mai ruwa don in sun suɓuce kada su fashe, ku jiƙa su cikin ruwan sanyi, domin ruwan zafi na lanƙwasa su. Ƙashin da ya rasa haƙori na ci gaba da ƙanƙancewa, don haka in sun fara rawa bayan ƴan shekaru a ƙara musu ciki. Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba kuma, a nuna wa likita.

Tambaya: Ɗan kasuwa ne ni a kasuwar Dole. Na ji ana dasa haƙori da ƙusa cikin ƙashi. Ina da ciwon sukari, ina shan taba. Zan iya tafiya Yamai ko Kano a yi mini in dawo cikin mako? 

Amsa: Alhaji, ba aikin mako ɗaya ba ne. Dashe ƙusa ce mai zare ta ƙarfen titaniyam, kaurinta kamar milimita 3 zuwa 5, tsawonta yawanci 8 zuwa 13. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Branemak ne ya gano ƙashi na manne wa wannan ƙarfe kamar nasa, ya kuma fara sa wa mutum a 1965. Sassa uku ne: ƙusar da ke cikin ƙashi, ɗan wuyan da ke ɗaurewa a kanta, da hular da ake gani.

Kafin komai sai an ga ƙashin a hoto, tsawo da faɗi. Wannan na da muhimmanci domin wurin da aka cire haƙori kan yi asarar har rabin faɗinsa cikin shekarar farko. Wanda ya daɗe da giɓi sau da yawa sai an ƙara masa ƙashi tukuna. A muƙamuƙin ƙasa akwai babbar jijiya da ke ba leɓe ji, ana barin kamar milimita 2 tsakaninta da ƙusar, in an taɓa ta leɓe ya daina ji. A sama kuma akwai kogon iska na gefen hanci. Ana huda ƙashin a hankali ana zuba ruwan sanyi, don in zafinsa ya haura digiri 47 na minti ɗaya ƙashin na mutuwa, ƙusar ba za ta kama ba. Daga nan sai jira: kamar wata 3 a ƙasa, har zuwa 6 a sama. Sannan awo, sannan hula. Ku lissafa tafiya uku ko huɗu, ban da ta dubawa.

Ciwon sukari ba ya hana dashe in an riƙe shi. Ku yi gwajin jinin nan da ke nuna matsakaicin sukari na wata 3. Ana son ya tsaya kusa da 7 cikin 100, in ya haura 8 gara a dakata. Taba ce ta fi damun mu. Tana rage jinin da ke isa dasashi, rauni ya ƙi warkewa, dashe ya fi saurin lalacewa. Da mu ne, ba za mu karɓi kuɗinku ba sai kun aje ta. Ku sani kuma dashe ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da shi na kamuwa, ƙashi ya janye shiru ba tare da zafi ba, sai dai jini in ana goge baki. Saboda haka a duba shi duk wata 6.

Duk inda aka yi muku, ku karɓi takarda mai sunan kamfanin ƙusar da lambarta da girmanta. Kowane kamfani da irin maɓallinsa. Ranar da hula ta kwance a Damagaram, wannan takardar ce za ta sa wani likita ya iya ɗaure ta.

Tambaya: Na sa haƙorin Makka shekara 6 da suka wuce. Yanzu gindinsa ya yi baƙi, yana ɗan wari. Daga wata Hajiya, Magarya.

Amsa: Hajiya, Allah ya maimaita mana. Zinariya ta gaske ba ta cutar da baki. Matsalar ita ce irin hular da ake zurawa a kan haƙori ba tare da an auna shi ba: bakinta ba ya zama daidai da wuyan haƙorin, siminti ya wanke, abinci ya shige, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. Radiyo ba ya ratsa ƙarfe, don haka hoto ba zai nuna abin da ke ƙarƙashinta duka ba. Likita zai bi gefenta da tsinken bincike, in ya sami gurbi ya cire ta ya duba. In haƙorin na da sauran ƙarfi a cike shi, a ɗauki awo, a ƙera miki wata daidai da shi, ko da zinariyar kike so.