Amsa: Ko waƙar sha'awa tsakanin ma'aurata ta saɓa wa kunya?

Malama, kin tambaya ko ya dace marubutan waƙoƙin zamani su riƙa taɓo sha'awa da zaman aure, ko kuwa yin haka zubar da kunya ne. A ganina ya dace, matuƙar mawaƙin ya san hanyar da zai bi.

Kunyar Bahaushe ba ta hana magana, sai dai ta koya wa mai magana sakaya zance. Matar da ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kuma ambaton ɗan farinta, ai ta riga mawaƙi sanin wannan dabara, domin ƙamshin turaren wuta, ko ranar girki da ta faɗo kan kishiya, sun isa su bayyana abin da ke zuci ba tare da batsa ba. Nana Asma'u ma, da malantarta, ta yi wa mijinta Giɗaɗo marsiyya, wato waƙar alhinin rasuwarsa.

Abin da ke damuna da wasu matasanmu na Kaduna da ke wallafawa a Facebook shi ne, da suka ajiye kari (ma'aunin waƙa) da amsa-amo (daidaiton sautin ƙarshen layuka), sai suka ajiye har da sakayawar, waƙar ta koma wasiƙar soyayya da aka yayyanka layi-layi.