Mu yi wa takardun Baba laminatin, mu ƙona sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ya daɗe yana rubuta wasan kwaikwayo mai waƙoƙi na dandamali, daga baya ya koma rubuta labarin fim. Ya bar akwatin ƙarfe biyu da wata jaka cike da takardu, yawancinsu duk soke-soke ne, wani wasan ma an rubuta shi sau biyar. Gara ta fara cin ƙasan jakar. Yayanmu ya ce a ware masu kyan a yi musu laminatin, sauran a ƙona tunda akwai sunan Allah a ciki. Ranar Asabar za a yi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwanci. Ki je ki roƙi Yaya, cikin ladabi, ya ɗaga wannan Asabar ɗin. Niyyarsa mai kyau ce, amma abin da zai ƙona shi ne dukiyar.

Wasan da aka buga tsaf wataƙila akwai kwafinsa a hannun darakta ko 'yan wasa. Mai soke-soken nan kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. A nan ake ganin baitin da ya cire don ya yi wa mawaƙiya tsawo, da inda ya ɗauke waƙa daga farkon wasa ya kai ta ƙarshe. Kuma ranar da wani ya tashi ya ce labarin nasa ne, waɗannan gyare-gyaren da hannun Baba su ne shaidarku. A Amurka, takardun Betty Comden da Adolph Green, waɗanda suka yi kusan shekara 60 suna rubuta wasanni masu waƙa tare, suka kuma rubuta labarin fim ɗin Singin' in the Rain na 1952, suna ajiye a sashen wasan kwaikwayo na ɗakin karatun jama'a na New York. Masu bincike ba don fim ɗin suke zuwa ba, kowa ya gan shi. Daftarin suke nema, da wasiƙu.

Sai batun laminatin, wanda shi ne ciwon da ke damuna kullum a wannan aiki na adana takardu. Ban san wanda ya cusa wa mutanenmu cewa leda tana raya takarda ba. Injin nan na shago zafi yake amfani da shi, ya narkar da gam, gam ɗin ya shige cikin jikin takardar. Da ya shiga, shi ke nan, ba mai fitar da shi ba tare da ya ɗaye rubutun ba. Duk danshi da tsamin da ke jikin takardar an kulle su a ciki, suna ci gaba da cin ta a ɓoye, sai bayan shekaru ki ga ta yi ja, gefen ledar ya buɗe, ruwa ya samu hanya. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini wasiƙar mijinta da aka aiko ta na'urar fas (fax), irin takardar nan mai santsi da zafi ke fito da rubutunta. Ta kai shago don ta adana ta. Ta fito daga injin baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya ba a gani. Ta riƙe ta a gabana tana tambaya ko akwai dabara, na rasa abin da zan ce mata.

Kada mai shago ya ce miki ai Turawa ma suna yi. Sun yi, sun kuma yi da-na-sani. Tun wajen shekarun 1930 wani mai suna William Barrow a jihar Virginia ya yaɗa wata hanyar manna wa takardu leda, manyan ma'adanan tarihi suka runguma. Daga baya ledar ta fara ruɓewa tana warin tsami, aka daina, aka koma kashe kuɗi ana cire ta da sinadari. Tasu ma kenan da ake iya cirewa. Ta shagon unguwa ba ta fita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu yawo suna kiran kansu ƙwararru, su karɓi kuɗin marayu, su lafta salatif a kan duk inda ya yage, su buga sitefula, su kai inji. Salatif yana bushewa ya faɗi ya bar tabo mai maiƙo, sitefula kuwa tsatsa take yi ta huda shafi.

Yau ɗin nan ki ɗauke jakar daga ƙasa, ki raba ta da bango. Kada ki fesa maganin ƙwari a kan takarda. Ki shimfiɗa waɗanda gara ta taɓa a ɗaki mai iska, ba a rana ba, ki kakkaɓe su da buroshi mai laushi. Sannan, don Allah, kada ki jera su yadda ya yi miki kyau. Yadda Baba ya haɗa su, haka za su zauna, domin rasit ɗin da ke tsakanin shafi biyu shi zai iya nuna shekarar da aka yi rubutun. Kowane ƙunshi ki sa shi cikin farar takarda, ki rubuta sunansa da fensir. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya, amma hoto ba ya zama dalilin zubar da na asali.

Idan akwai tsohuwar kwamfuta ko faya-fayai, kada a ba yaro ya goge. Jonathan Larson, marubucin wasan Rent, ya rasu a Janairun 1996, kuma daga tsofaffin faya-fayan kwamfutarsa da ke ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka aka tono gyare-gyaren da ya yi wa waƙoƙinsa.

Wajen rabon gado, ku tambayi malamai yadda za a ƙiyasta su ba tare da an yayyaga su kashi-kashi ba. Idan kun ga gida ba zai riƙe su ba, ku tuntuɓi Arewa House ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, duka a Kaduna, ku je ku ga ɗakin ajiyar da idonku, ku kuma sa a rubuta cewa haƙƙin mallaka yana hannun magada. Shi kuwa Yaya, ki gaya masa sunan Allah da ke cikin akwati a saman kantar ajiya ba wanda zai taka shi.