Shin ƙabila ta isa ma'aunin al'ada a bincike?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Legas, ina bincike kan yadda 'yan kasuwar Mile 12 ke yin adashi da ajiya. Na kasa su gida uku: Hausawa, Yarbawa da Ibo. Idan na ga bambanci, zan iya cewa al'ada ce ta kawo shi?

Amsa: Malama, ba za ki iya ba tukuna. A Legas duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ake ce masa. Cikin gidanki na farko za ki tarar da Babarbare, Bafulatani, Banufe, har da Bazabarme daga Nijar. Ko a tsakanin Hausawan ma, wanda aka haifa a Agege, yake jin Yarbanci kamar ɗan gari, ba ɗaya yake da ɗan ci-rani da ya bar iyali a Sakkwato ba. Na biyun yana aika kuɗi gida, zai koma da damina, to yaya zai shiga adashin shekara? Irin zaman da yake yi ne ya hana shi, ba ƙabilarsa ba.

Babbar matsalar ita ce ƙabila da sana'a tare suke tafiya a kasuwa. Idan yawancin Hausawanki masu tumatir da albasa ne, kayan da ke ruɓewa, kuɗinsu kullum yana juyawa, kin auna sana'a ne kika sa mata sunan ƙabila. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya nuna haka a unguwar Sabo ta Ibadan tun shekarun 1960: cinikin goro da shanu ne ya ƙara ɗaure Hausawan can wuri guda.

Don haka ki tambayi abin da kike zargi kai tsaye. Inda aka haifi mutum, shekarunsa a Legas, harshen gida da na kasuwa, karatun boko ko na allo, inda iyalinsa suke, da ra'ayinsa kan kuɗin ruwa, tunda wannan ya fi jingina da addini. Ƙabila kuwa, ki bar wurin a buɗe ya faɗa da bakinsa. Sannan ki kwatanta masu sana'a ɗaya da jari kusan ɗaya, ki kuma nuna bambancin da ke cikin kowane gida, ba matsakaici kaɗai ba.

Ki kula da mai yin tambayar. Ɗan kasuwa ba zai faɗa wa baƙo da Turanci abin da zai faɗa wa ɗan'uwansa da Hausa ba, balle maganar kuɗi. Ki sa wani ya fassara tambayoyin, wani daban ya mayar da su Turanci, ki gyara inda ma'ana ta kauce.