Ku Tambaya Mu Amsa: Gida Mai Bahon Wanka Ko Mai Shawa Kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni da maigidana mun shekara shida muna tara kuɗin gida, yanzu Allah ya kawo mun samu guda biyu a nan Kaduna, dukkansu ɗaki uku da falo. Ɗaya yana da bahon wanka irin na Turawa a banɗakin uwar ɗaka, ɗayan kuma shawa ce kawai a ko'ina kuma ya fi sauƙin kuɗi. Dillalin sai cewa yake mai bahon ya fi daraja, ga kuma ƙanin maigidan da yake Amurka ya bugo waya yace kar mu kuskura mu sayi gidan da babu baho don ranar da za mu sayar sai mun sha wahala. Ni kuma wallahi raina ya biya da bahon, tun ina yarinya nake sha'awarsa. Yaranmu uku, ƙaramar shekararta biyu, kuma Hajiya mahaifiyar maigida za ta dawo wajenmu, tana fama da ciwon gwiwa. Ya zan yi? Daga ƙanwarki a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya sa ku shiga a sa'a. Shekara shida ana tari ba wasa ba ne, shi yasa bana so baho ya zama shi ne zai yanke muku hukunci.

Maganar ƙanin mijinki gaskiya ce amma gaskiyar can ce. A Amurka dillalan gidaje sun saba ba mutum shawara ya bar baho ko guda ɗaya ne a gida, saboda masu ƙananan yara a ciki suke musu wanka, kuma su basu san wankan roba da kofi ba, ga ruwan zafi da na sanyi na zuwa a famfo dare da rana. To mu nan fa? Mai sayen gida a Kaduna abinda yake fara tambaya unguwa, takardu, akwai ruwa, ya wutar layin take, mota na shiga da damina. Ni dai ban taɓa jin cinikin gida ya watse a kan babu baho ba, amma na sha jin ya watse a kan takarda ko kan ruwa.

Ki zauna ki yi lissafin ruwan. Baho madaidaici in za a cika shi yana cin wajen lita 150, ko rabi kika tara kin zuba jarka uku ta lita 25 kenan, wankan mutum ɗaya, alhali bokiti ɗaya ya ishe ki ki fito fes. Shawa ma bata kai nan ba, ita kanta Amurkan dokarsu ta hana kan shawa ya wuce kimanin lita 9 da rabi a minti ɗaya, kinga wankan minti biyar bai kai lita 50 ba. Sannan hitar da ake sawa a yawancin gidajenmu 'yar lita 30 ce ko 50, da hunturu kafin bahon ya kai rabi ruwan zafin ya ƙare, wannan ma in an kawo wuta kenan. In bohol ne da gidan duk wannan ruwan sai an kunna inji an tura shi tanki, kuma duk inda ya fita sokawe zai tafi, ta cika da wuri a kira masu kwasa.

Na shiga gidaje da dama masu baho, kinsan me nake tararwa? Bokiti a tsakiyar bahon, da kofi a ciki, mutum ya tsallaka ya tsaya yana wanka a tsaye a kan abu mai santsi. Wasu kuma sun mai da shi wajen jiƙa wanki, gefensa duk ya yi baƙi, ƙarƙashinsa ruwa na kwanciya ba a gani sai bangon ɗakin da ke maƙwabtaka da shi ya fara kumbura fenti yana zuba. Ko alwala ba a jin daɗin yi a ciki. Wankan ibada ma akwai hadisi a Muslim da ya hana mai janaba wanka a cikin ruwan da baya gudana, kinga dole dai ki koma kan shawa ko bokiti.

Amma abinda ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki Hajiya ce. Mai ciwon gwiwa ace ta ɗaga ƙafa ta tsallake bangon baho da ya kusa kai mata gwiwa, ƙafa a jiƙe, ga sabulu, wallahi ƙanwata faɗuwar tsoho a banɗaki ba ƙaramin abu ba ne, karayar ƙugu guda ɗaya sai ta kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Abinda take buƙata banɗaki mai fili wanda ƙasansa a shafe yake, tayil mai kaushi, kujerar roba mai ƙarfi, ƙarfen riƙewa a bango, da shawar hannu mai tiyo yadda za ta zauna ta yi wankanta ba sai ta kira kowa ba. Koda bahon a ɗakinki yake ba nata ba, ki duba nata banɗakin da wannan idon kafin ku biya ko sisi. 'Yar autarki kuma, yaro ɗan shekara biyu ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi, in har kun ɗauki mai bahon kar a taɓa barin ruwa a ciki, haka ma bokiti da baho na roba, a riƙa kifewa.

Ku koma gidajen biyu da filamba naku na kanku, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku buɗe kowace shawa ku ga ƙarfin ruwan, don in tanki bai yi sama sosai ba ɗigo kawai za ta riƙa yi. Ku zuba bokiti biyu a ƙasa ku tsaya ku ga ina ruwan ya nufa, magudana ko bakin ƙofa. Ku tambayi maƙwabta ya bohol ɗin unguwar yake a watan Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya.

In duka biyun sun ci wannan jarrabawar kuma takardunsu lafiya, ni mai shawar zan ɗauka, rarar kuɗin a gyara wa Hajiya banɗakinta a ƙara tanki. Sha'awarki kuma ban raina ta ba, mace tana da haƙƙin ta so abu mai kyau a gidanta. Ki auna banɗakinki da tef, in tsawon bangon ya kai mita 1.7 to baho zai zauna, duk ranar da hali ya samu filamba zai saka miki sabo fil wanda kika zaɓa da hannunki, ki gaida min Hajiya da yaran.